Shekara 8 ina roƙon Allah a kan ƙanena shiru, an ba ni labarin Charles de Foucauld sai na ƙara karaya

Mai_jiran_asuba:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya cika min ciki kuma duk wanda na fara faɗa wa sai ya jefo min aya ɗaya ya yi gaba abinsa.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Tare muka taso a coci, shi ne ma yake yi wa Fada hidima a bagade tun yana firamare, rigar ta fi shi tsawo sai an naɗe masa hannu. Yana gama sakandare ya fara ja da baya, da farko yace gajiya ce, daga baya ya fito fili yace shi fa bai yarda akwai wani Allah da ke sauraron kowa ba. Kuma ba ɗan iska ba ne, ba ya shaye-shaye, yana aikinsa yana kula da mamanmu fiye da mu mata ma, kawai maganar Allah ce in ka ɗauko sai ya yi murmushi ya tashi ya bar maka wurin. Yau shekara 8 ke nan.

Ina da littafin da nake rubuta roƙe-roƙena, wanda Allah ya amsa sai in ja layi a kai da jan biro in sa kwanan wata a gefe. Yanzu ina littafi na biyar. Aikin maigidana an ja layi, tiyatar mama an ja, haihuwata ta biyu da likitoci suka tsorata mu an ja. Sunan yaron nan ne kawai nake kwafewa daga wannan littafi zuwa wancan, kullum shi ne a layin farko kuma kullum shi ne ba jan biro. Na yi nobena, wato addu'ar kwana tara a jere, ban san adadi ba, na yi azumi, na sa an yi Misa dominsa. Yanzu abin da ya fi damuna ma ba shi ba ne, ni ce. Waya tana kaɗawa ƙarfe huɗu da rabi in sauko in durƙusa a bakin gado, baki yana motsi amma cikina fayau, kamar da silin nake magana.

Na faɗa wa Fadanmu wajen furta zunubi, sai ya ba ni wani ɗan littafi na tarihin Waliyi Charles de Foucauld yace in karanta. Na ɗauka irin labarin Monika ne da ta yi ta kuka a kan ɗanta Agustin har ta ga baftismarsa da idonta kafin ta rasu. Ina! Bawan Allah ya yi shekara 15 a hamadar Aljeriya yana roƙon Allah ya turo masa ko mutum ɗaya da zai zauna da shi, ba wanda ya zauna, mutanen da ya je dominsu ba su zama Kirista ba, ƙarshe aka harbe shi a ƙofar gidansa. Na rufe littafin jikina ya yi sanyi.

To tambayata ita ce, me Fada yake so in gani a nan? Ce min yake in haƙura in cire rai? In har wanda ikilisiya ta ce waliyi ne ya mutu bai ga amsa ba, ni wacece? Kuma addu'ar da ba ka jin komai a cikinta, ana lissafa ta kuwa?

Jarumin_bangaskiya:

'Yar'uwa kar ki bari Shaiɗan ya yi wasa da hankalinki. Allahnmu ba ya barci! Ki karanta Luka 18, gwauruwar nan ta dami alƙali har sai da ya biya mata buƙata. Ki ƙara azumi, ki tashi tsakar dare, ki kira sunan yaron ki tsawata wa ruhun rashin bangaskiya. Ni dai ban ga amfanin karanta labarin wanda bai ci nasara ba, ki nemi shaidar waɗanda Allah ya yi wa abu. Bana ba za ta ƙare ba sai kin dawo nan da shaida cikin sunan Yesu, amin.

Tsohon_katikis:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Na karanta rubutunki sau biyu kafin na taɓa waya, domin ni ma akwai sunan da na daɗe ina ɗauke da shi, amma ba yau za a yi wannan ba.

Ɗana Jarumi, na ga zafin zuciyarka kuma Allah ya ƙara, sai dai mace ta ce maka shekara 8 tana tashi da asuba, kai kuma ka ce ta ƙara, kamar wanda ya tarar da mai ɗauke da buhu a ka ya ce ai laifinta ne da ba ta ɗauki biyu ba. A hankali dai.

'Yata ina ga kin fara karatun ne daga ƙarshe. Ki koma farkon littafin, domin ni a ganina ba Charles na hamada Fada ya fara nuna miki ba, ƙanenki ya nuna miki. An haifi mutumin nan a Strasbourg a Faransa a 1858, uwa da uba suka rasu a shekara ɗaya yana ɗan yaro, kakansa ya riƙe shi. Wajen shekara 16 ya watsar da bangaskiya gaba ɗaya, ya yi shekara 12 a haka. Ya shiga makarantar soja, ga gado mai yawa ya samu, ya yi ta facaka da shi a ciye-ciye da mata, a makarantar sojan doki ta Saumur shi ya zo na ƙarshe a ajinsu, har sai da aka dakatar da shi daga aiki saboda rashin ɗa'a. Naki ƙanen ma mai hankali ne, wannan kam danginsa sai da suka sa aka hana shi taɓa dukiyarsa.

To me ya juyo da shi? Abu biyu, kuma ba wa'azi a cikinsu. Na farko, daga 1883 zuwa 1884 ya zagaya Maroko a ɓoye cikin shigar malamin Yahudawa yana zana taswira, a can ya ga Musulmi suna tsayar da komai su fuskanci Allah sau biyar a rana, shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ganin wannan ya girgiza shi ƙwarai. Na biyu, da ya koma Paris akwai 'yar'uwarsa Marie de Bondy, 'yar gwaggonsa ce, ta girme shi. Matar nan ba ta zaunar da shi ta yi masa huɗuba ba. Abin da ya tuna da shi game da ita shi ne shirunta da kirkinta, har ya fara ce wa kansa, in mace mai basira irin wannan ta gaskata da wannan addini, to ba zai zama shirme zalla ba. Daga nan ya fara shiga majami'u ya zauna yana maimaita wata 'yar addu'a, wai ya Allah in kana nan ka sa in san ka. Kin ji addu'ar wanda bai ma tabbata akwai mai ji ba, kuma an ji ta. A ƙarshen Oktoba 1886 ya je cocin Saint-Augustin wurin wani Fada mai suna Huvelin da nufin a yi masa bayani a kan addini, Fada yace durƙusa ka furta zunubinka. Shi ke nan. To a labarin nan ke ce Marie, kuma shekara 12 ta jira, ke kina ta 8.

Yanzu mu zo hamadar da ta kashe miki jiki. Gaskiya ne, ba zan shafa miki mai a baki ba. Bayan shekara 7 a gidan sufaye na Trappist, da shekara 3 yana yi wa sistoci aikace-aikace a Nazarat yana kwana a wata 'yar bukka a lambunsu, an naɗa shi Fada a 1901 ya tafi Beni Abbes a hamadar Aljeriya. Ya rubuta dokokin ƙungiyar da yake mafarki, ya shirya wa 'yan'uwa wuri, ba kowa. Mutum ɗaya da ya gwada binsa bai kai ƙarshen tafiyar ba ma ya juya, tsananin rayuwar ya fi ƙarfinsa. A 1905 ya sauka Tamanrasset cikin Abzinawa, lokacin ƙauye ne na gidaje kamar ashirin. Kuma a dokar wancan zamani Fada ba ya yin Misa shi kaɗai sai da mai taya shi, to ki duba, mutumin da ya bar komai saboda Jibin Ubangiji ya yi Kirsimeti na 1907 ba Misa.

Nan ne wurin da nake so ki tsaya. A wannan lokacin an yi fari mai tsanani, ya rabar da abincin da ya ajiye, a farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi har ya ɗauka tafiya ce ta zo. Wa ya tashe shi? Abzinawan nan da ya zo ya ba su, su da ba su da shi, suka bi duk awakin da ke da ɗan sauran nono a kewayen kilomita huɗu suna tatsowa suna kawo masa. Ki kwatanta a ranki, babban mutum ɗan manyan gida, tsohon hafsan soja, mai ilimi, wanda kullum hannunsa ne a sama, yau ga shi kwance ana ɗaga masa kai ana ba shi nono a baki. Shekara da shekaru yana roƙon Allah ya turo masa 'yan'uwa yana leƙen hanyar Faransa, ashe suna nan bayan bukkarsa. Waɗanda suka yi nazarin wasiƙunsa da yawa suna cewa daga nan zamansa da mutanen ya canja, ya zama maƙwabci na gaske mai karɓa kamar yadda yake bayarwa.

Kin ce ƙanenki ya fi ku kula da mama. Ban ce wannan shi ne amsar addu'arki ba, kar ki ji ni ba daidai ba, muna so ya dawo ga Ubangiji. Amma yaushe rabon da ki kalle shi ba a matsayin aikin da ba a gama ba?

Batun rashin jin komai kuwa, ranar da aka kashe shi, 1 ga Disamba 1916, ya rubuta wa Marie ɗin nan wasiƙa. Ma'anar abin da ya ce a ciki shi ne mutum yakan ji yana shan wahala amma ba kullum yake jin yana ƙauna ba, wannan ma wata wahalar ce a kan wahala, sai dai ya san yana so ya yi ƙaunar, kuma son yin ƙauna shi ma ƙauna ne. Mutumin da ya yi shekara 30 yana durƙuso ne ya faɗi haka a ranarsa ta ƙarshe. Waya ta kaɗa kin sauko, ai an lissafa.

Ɗan_Bereya:

Ni ba Katolika ba ne, in faɗa tun farko kar a ce na shigo da rigima. A wurinmu duk mai bi tsarkakke ne, haka Bulus yake kiran mutanen Korinti duk da rikicinsu, kuma ba ma roƙo ta wurin wanda ya mutu domin 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne. Na san ku ma kuna da amsarku, cewa kamar yadda nake ce wa ɗan'uwa ka yi min addu'a haka kuke ce musu, mun sha yin wannan muhawara da abokaina ba wanda ya ja wani, mu bar shi. Amma koyi da rayuwar wanda ya riga mu, wannan kam ba gardama, Ibraniyawa 13:7 ma cewa ta yi mu duba ƙarshen zamansu mu yi koyi da bangaskiyarsu.

Abin da ya sa na sa baki shi ne maganar ɗan'uwa Jarumi cewa a nemi labarin waɗanda suka ci nasara. Yallaɓai ka karanta Ibraniyawa 11 har ƙarshe kuwa? Muna son farkon, wanda ya rufe bakin zakuna, wanda ya ci mulkoki, matan da aka tayar musu da matattunsu. Amma daga tsakiyar aya ta 35 sai labari ya juya, waɗansu aka jejjefe su, waɗansu aka tsaga su da zarto, suna yawo a jeji da kogwanni, kuma aya ta 39 ta ce dukansu an yaba bangaskiyarsu amma ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Jeri ɗaya aka sa su, ba a ce na farkon sun fi azumi ba. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya aka ce alherina ya ishe ka. Irmiya ya yi wajen shekara 40 yana wa'azi ƙarshe birnin ya faɗi a idonsa. Zabura 88 tun daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ma ta rufe, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta daga Littafi ba. Ubangiji kansa a Getsamani fa?

Wannan koyarwar ta cewa in ba ka samu ba to bangaskiyarka ce ta gaza, ta kori mutane daga coci fiye da yadda muke zato, na ga wanda ya binne ɗansa aka zo gaisuwa ana tambayarsa ko akwai zunubin da bai furta ba. Abokan Ayuba ba su ƙare ba har yau.

Yaya Mai_jiran_asuba, in bakinki ya rasa abin faɗa ki buɗe Romawa 8:26, ba mu san yadda za mu yi addu'a ba amma Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ni lokacin da na shiga irin wannan sai na daina ƙirƙiro kalmomi, Zabura ɗaya nake karantawa da ƙarfi kowace safiya ko ina ji ko ba na ji, na bi su daga 1 har 150 na sake komowa.

Ɗalibar_tarihi:

Baba katikis na gaishe ka, bayaninka ya yi daɗi amma ka yi min izini in ƙara abin da ƙananan littattafan nan ba sa son faɗa, domin in Anti ta ci karo da shi wata rana a intanet kar ta ji an ɓoye mata.

Mutumin nan bai shiga Sahara shi kaɗai da sanda ba, a bayan sojan Faransa ya shiga, lokacin da suke cin ƙasar da yaƙi. Laperrine, kwamandan yankin, tsohon abokinsa ne tun zamanin soja, shi ya buɗe masa hanyar Ahaggar, yankin duwatsun da Tamanrasset take. Yana rubuta wa hafsoshi wasiƙu yana ba su labarin abin da ke gudana da shawarwari, kuma ya yarda cewa mulkin Faransa zai iya zama alheri ga mutanen in an yi shi da adalci. Gidan da aka kashe shi a ƙofarsa ma ƙaramar ganuwa ce da ya gina don mutanen ƙauye su fake lokacin yaƙin duniya na farko, kuma akwai bindigogi a ciki. Waɗanda suka kawo harin, masu alaƙa da ɗarikar Sanusiyya, sun ɗaure shi suna kwasar kaya, sai yaron da aka bari yana gadinsa ya firgita da ya hango sojoji biyu a kan raƙuma ya harbe shi. Shi ya sa ikilisiya ba ta sa shi a sahun shahidai ba, kuma shi ya sa har yau akwai 'yan Aljeriya da ba sa kallonsa yadda ku kuke kallonsa. Suna da hujjarsu.

A ɗaya gefen kuma, shi ne tun a Beni Abbes ya tayar da jijiyar wuya a kan yadda Faransawa suka kau da kai ga cinikin bayi, ya fanshi waɗansu da kuɗinsa, ya rubuta wa shugabanninsa cewa ba mu da ikon zama karnuka bebaye, yana nuni da Ishaya 56:10. Kuma aikin da ya yi wa Tamashek, harshen Abzinawa, ba wasa ba ne, ƙamus ne mai juzu'i huɗu da masana suke amfani da shi har yanzu, ga waƙoƙin Abzinawa baiti kusan 6,000 da ya bi tanti-tanti yana rubutawa daga bakin mutane, mata da yawa a cikinsu. Kwana uku kafin mutuwarsa ya kammala kwafe su. Ni wannan ne ya fi burge ni, mutum ya zo da saƙo amma ya kwashe sama da shekara 10 yana sauraro.

Sai kuma abin da ya biyo baya, tunda Anti ta tsaya a harbin. A 1921 aka buga tarihinsa a Faransa, a 1933 René Voillaume da abokansa suka fara Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a hamadar, a 1939 Magdeleine Hutin ta fara ta mata, yau suna ƙasashe da yawa suna zama a unguwannin talakawa suna aikin hannu kamar kowa. Paparoma Benedict na 16 ya ayyana shi mai albarka a 2005, Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyai ranar 15 ga Mayu 2022. Amma ni ba na son a yi saurin cewa kun gani ai an amsa masa. Shekara 17 bayan an binne shi aka fara, shi bai ga ko ɗaya ba, abin da ya gani da idonsa shi ne abin da ya rubuta a 1915, cewa shekara 10 ke nan yana Misa a Tamanrasset ba mutum ɗaya da ya tuba. Da wannan ya kwanta da wannan ya tashi kuma bai tattara kayansa ba.

Tsohon_katikis:

'Yata ɗaliba Allah ya yi miki albarka, ba ki faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Ɗan zamaninsa ne kuma akwai abin da idonsa bai gani ba, kamar yadda jikokinmu za su ga namu. Waliyi ba mala'ika ba ne, Bitrus ma sai da Bulus ya tsawata masa a Antakiya.

Abu ɗaya na manta. Addu'ar nan da ake kira ta miƙa kai, mai farawa da Uba na ba da kaina gare ka, ka yi da ni yadda ka ga dama, mutane suna ɗauka ya rubuta ta ne don a riƙa haddacewa. A'a, tunani ne da ya yi a kan Luka 23:46 tun yana gidan sufaye a Siriya, yana ƙoƙarin sa kalmomi a bakin Yesu a kan gicciye, daga baya mabiyansa suka taƙaita ta. Wato addu'ar Yesu ce, mu muna raɓawa ne kawai. Na faɗi haka ne domin kar ki ɗauke ta ki ga ta yi miki nauyi ki ce ke kin kasa. Ni akwai shekarar da a layin farko nake tsayawa, in na zo wurin ka yi da ni yadda ka ga dama sai harshena ya ƙi.

Mai_jiran_asuba:

Na gode muku duka, har da kai ɗan'uwa Jarumi, na san da zuciya ɗaya ka faɗa.

Baba, tambayarka ta hana ni barci jiya. Na zauna na lissafa, kusan duk saƙon da na tura wa yaron nan a WhatsApp cikin shekaru biyun nan ko aya ce ko bidiyon wa'azi ko gayyatar taro, na yi ta jan allon sama ina dubawa kunya ta kama ni, shi kuma amsarsa kullum hannu ɗaya ne mai babban yatsa. Ban san sunan abokan aikinsa ba. Watan jiya da ya kwana uku a asibiti wurin mama yana juya ta yana canja mata zani, da na zo karɓarsa abin da na fara ce masa shi ne ka ga da kana addu'a da yanzu ka yi mata. Ya dube ni kawai ya ɗauki jakarsa. Sai yanzu nake jin nauyin wannan maganar.

Ba zan ce muku na ji sauƙi ba, yau ma na durƙusa silin ɗin dai shi ne. Kuma har yanzu akwai abin da ke min ciwo a labarin nan, ni fa ba na so sai bayan shekara 17 da mutuwata, ina so in zauna kusa da ƙanena a benci ɗaya ranar Ista da raina, kuma zan ci gaba da roƙon haka, ban ga inda aka hana ba. Ɗan_Bereya na fara Zaburar, yau ta 1.

Ɗaliba na gode da ba ki rufe min komai ba, gara da na ji a nan. Ƙanen nawa ma irinki ne, in na ba shi labarin waliyi abin da zai fara tonowa ke nan, wataƙila ma wannan ɓangaren na sojoji da ƙamus shi zai sa ya saurara, amma ba yanzu ba, na yi wa kaina alkawari ba zan tura masa komai na addini ba har ƙarshen shekara.

Na kira shi ɗazu na ce ranar Asabar ya zo ya duba min kwamfutata da ta ƙi tashi tun makon jiya, yace lafiya dai ko, ba wani Fada da kika ɓoye a falo? Na ce babu. Yace to zai zo ƙarfe goma.

Baba katikis, littafin da Fada ya ba ni bai kawo labarin nonon awakin nan ba sam, a cikin wasiƙunsa yake ko a babban tarihin? Ina so in karanta da kaina.